Boeing a ɗakin kwana: nawa yake ci, me yake bayarwa?

Dala 70 aka sa wa ƙaramin kunshin Microsoft Flight Simulator 2024 da ya shiga kasuwa ranar 19 ga Nuwamban 2024. Duk saurayin da ya ga wannan farashi, ya kuma kalli bidiyon tsaransa a YouTube suna ɗaga Boeing 737 daga Landan su dire shi a Dubai ba su ko motsa daga kujerar ɗakinsu ba, dole ransa ya biya. Makarantar koyon tuƙin jirgi sai ɗan wane da wane, ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Nan kuwa ga jirgi sukutum, da madannansa da agogunansa, ana cewa kowanne yana aiki yadda na gaskiya yake yi. Wannan ba ƙarya ba ne. Inda nake da ja shi ne inda ake cewa da wannan mutum zai koyi tuƙin jirgin fasinja, kuma a araha. Bari mu ɗauko biro da takarda.

Dala 70 ɗin kuɗin shiga ƙofa ne kawai, babban kunshin ma dala 200 ne. Kuma manhajar ba kowace kwamfuta take hawa ba. Kamfanin da kansa ya rubuta cewa mai son ganinta a cikakken kyanta ya nemi ram mai gigabait 64 da intanet mai gudun megabit 100 a daƙiƙa, domin duniyar da kake shawagi a kanta ba a cikin kwamfutarka take ba, daga rumbunan Microsoft ake kwararo maka ita kana tafe. Ranar da aka saki manhajar rumbunan suka cushe, mutanen da suka riga suka biya kuɗinsu suka yini suna kallon allon jira. Wadda ta gabace ta, ta 2020, wajen gigabait 150 take nema kafin ka ga ko fiffike. Kwamfutar da za ta ɗauki wannan kaya da wuya ta gaza dala dubu, mai kyau kuwa ninki biyu ko uku.

Sai jirgin kansa. Waɗanda ke zuwa a cikin kunshi sun inganta, amma riƙaƙƙun 'yan harkar za su ce maka in da gaske kake, sai ka sayi na kamfanonin da suka zauna suka kwaikwayi kowace waya da kowane famfo na jirgin ainihi. Boeing 737-800 na kamfanin PMDG ya fito a 2022 a kan kusan dala 70. Airbus A320 na kamfanin Fenix, wanda ya fito a shekarar, fam 50 na Ingila. Wato jirgi guda ya kama kuɗin duniyar gaba ɗaya. In kana son filin da za ka sauka ya yi kama da na gaske, shi ma sayensa ake yi ɗaya-ɗaya. Ga kuma abin da sabon shiga ba ya tsammani: hanyoyin sama suna tsufa. Kowane kwana 28 hukumomin jiragen sama na duniya ke sabunta bayanan hanyoyi da tsarin sauka, sau 13 ke nan a shekara. Wanda bai sabunta nasa ba zai shigar da hanya kwamfutar jirgi ta ce ba ta san wurin ba. Kamfanin Navigraph ne ke sayar da wannan sabuntawa tare da taswirori, ana biyan kuɗi duk wata, ko ka tashi ko ba ka tashi ba.

Ba a tuƙa jirgi da maus, don haka sai sitiyari irin na Boeing ko sanda irin ta Airbus, sai akwatin totur, sai feda ta ƙafa, masu ɗan inganci a cikinsu kowanne ɗaruruwan daloli. Daga nan allo ɗaya ya yi kaɗan. Akwai waɗanda abin ya kai su har sayen gaban mataccen jirgi su girke a gareji. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kayan ba sa zama naka har abada. Wanda ya tara jirage a zamanin FSX, manhajar Microsoft ta 2006, ya wayi gari a 2009 Microsoft ta rufe sashen da ke yin manhajar. Jama'a suka koma Prepar3D na kamfanin Lockheed Martin, da yawa suka sake sayen jiragen da suka riga suka saya. Da Microsoft ta dawo a 2020 suka sake buɗe jaka a karo na uku.

Duk wannan lissafin mai samun dala ne. Mai samun Naira nasa daban. A 2024 dala ta haura Naira 1,500, kuma a shekarar aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 70,000, don haka a lokacin jirgi ɗaya na PMDG albashin wata ɗaya da rabi ne. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari, ga manhaja mai shan data kamar ba gobe. Kuɗin wuta kam ba shi ne abin tsoro ba: kwamfuta mai jan wat 500 in ta yi awa biyar ta sha yunit biyu da rabi, ko a farashin Naira 225 da aka sa wa 'yan rukunin A na masu amfani da wuta a Afrilun 2024 bai kai Naira 600 ba. Ɗauke wutar ne matsala. Ka taso daga Kano za ka Jidda, ka shafe awa huɗu, kana shirin gangarowa a ɗauke wuta, tafiya ta tashi a banza. Sai a ƙara inbata da batura ko sola a cikin lissafi.

Don adalci, akwai na kyauta, kuma masu kyau. Airbus na ƙungiyar sa-kai ta FlyByWire kyauta ne, haka Boeing 737 da ake kira Zibo a manhajar X-Plane, haka SimBrief mai tsara hanya da lissafin mai. Yawancin yaranmu ma a waya suka san abin, ta Infinite Flight da ire-irenta. Sai dai na kyautan sun rage kuɗin jirgi ne kawai, ba su rage na kwamfuta da wuta da data ba, kuma ba su taɓa sauran abin da ke cikin lissafin ba.

Sai lokaci. Masu yi da gaske ba sa yarda su tarar da jirgi a kunne, a mace suke karɓarsa, ba haske ba ƙara. Ka kunna batir. Ka tada ƙaramin injin da ke wutsiya mai ba da lantarki da iska. Ka murɗa makunnan na'urar da ke gane inda jirgi yake a doron ƙasa, ka jira ta daidaita kanta, abin da kan ɗauki har minti goma, kuma jirgi ba ya motsi sai ta gama. Kana jira kana danna haruffa ɗaya bayan ɗaya a 'yar kwamfutar da ke gefen gwiwarka: DNKN wato Kano, OEJN wato Jidda, hanyar da za a bi, nauyin fasinja da kaya, yawan mai, gudun da in an kai shi babu sauran fasa tashi, gudun da za a ɗaga hanci. Rabin awa ta wuce taya bai juya ba. Ka tashi, da ka wuce ƙafa 400 an yarda ka danna otofailot, kuma yawanci ba sa daɗewa ba su danna ba. Daga nan sai kallo. Jirgi na bin layin da aka zana masa a allo, kai kana shan shayi kana duba waya. A tafiyar awa huɗu da wani abu, abin da hannunka ya yi na tuƙi 'yan mintoci ne a farko da 'yan mintoci a ƙarshe. Ban ma sa dararen da ake kashewa wajen gyara ba, duk lokacin da aka sabunta manhaja jiragen da aka saya suka ƙi tashi.

Waɗannan awoyi, ko dubu nawa ne, a littafin da hukuma ke dubawa sifili ne. Ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ita ce awa 40 kafin lasisin tuƙi na kashin kai, awa 200 kafin na kasuwanci, ko 150 a makarantar da aka amince da tsarinta, sannan awa 1,500 kafin lasisin da ke ba mutum damar zama kyaftin a jirgin fasinja. Ana lissafa wani ɓangare na awoyin na'urar kwaikwayo, amma da sharaɗi. A Amurka, alal misali, cikin awa 40 na lasisin farko awa biyu da rabi kacal ake yarda a yi a na'ura. A darasin tuƙi da agoguna kuwa awa 10 ko 20, ya danganta da darajar na'urar. Kuma dole ta kasance wadda hukuma ta duba ta ba ta takarda, da malami mai lasisi a zaune yana sa hannu. X-Plane ɗin da ke ɗakinka yana iya zama ɗaya da wanda ke cikin irin waccan na'ura, amma takardar ba manhaja ake ba wa ba, na'urar ake ba wa dungurungum. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

To ko da ba a lissafa ba, ai ilimin yana nan, in ji masoyan abin. A nan ne nake ganin an fara gini daga rufi. Ɗalibi a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ba ya ganin Boeing. Ƙaramin jirgi mai inji ɗaya ake ba shi, ya yi ta zagaye fili yana tashi yana sauka, malami na gefensa, har jikinsa ya san yadda jirgi ke yi in gudu ya fara ƙare masa, ya san nauyin sitiyari a hannu, ya san iskar gefe a ƙafa. Kwamfutar jirgi da otofailot su ne darasin ƙarshe, ana ɗora su a kan wancan tushe. Mai koyo a gida da su yake farawa, saboda su ne kaɗai abin da allo ke iya kwaikwaya ba tare da ragi ba.

Abin da allo ba ya iya kwaikwaya kuwa shi ke kashe mutane. A cikin kunnen ɗan Adam akwai wasu 'yan bututu masu ruwa da ke shaida wa ƙwaƙwalwa ko jiki ya karkata. A ƙasa suna aiki lafiya. A sama, in jirgi ya karkata a hankali ba sa ji, in ya daɗe a karkace sai su ɗauka a miƙe yake, ka zo gyarawa su ce maka yanzu ne ka karkace. A 1954 masu bincike a Jami'ar Illinois sun gwada matuƙa 20 da ba su koyi tuƙi da agoguna ba, suka rufe musu ganin waje: a matsakaici daƙiƙa 178 suka yi jirgi ya ƙwace musu. Ba kuma sababbi kaɗai abin ke kamawa ba. Daren 5 ga Mayun 2007 jirgin Kenya Airways ya tashi daga Duwala a Kamaru cikin duhu da hadari. Boeing 737-800 ne, irin wanda ake saya dala 70 ɗin nan. Kyaftin ya ba da umarnin kunna otofailot, bai kama ba, ba wanda ya lura. Kusan minti guda babu mai riƙe da jirgin, yana ta karkata dama sannu a hankali. Da ƙararrawa ta yi kuka kyaftin ya cafki sitiyari, amma jikinsa ya riga ya ruɗe shi, ya ƙara karkatar maimakon ya gyara. Mutum 114 suka rasu a cikin fadama, ba wanda ya tsira. Mai zaune a ɗaki zai kalli wannan ya ce, me ya hana shi duba agogon da ke gabansa? Shi yarda da agogo ba ta yi masa wuya, tunda babu abin da ke musa masa. Kujerarsa a miƙe take, kunnensa shiru. Darasin gaskiya shi ne ka gaskata allura alhali duk jikinka na rantse maka cewa ƙarya take yi, kuma wannan ba a taɓa ɗora masa shi ba.

Kamfanonin jirage sun san haka, shi ya sa na'urorinsu suke tsaye a kan ƙafafu shida masu motsi, kowace ɗaya na cin miliyoyin daloli. Duk da haka su ma suna da iyaka. Ranar 15 ga Janairun 2009 tsuntsaye suka kashe injina biyu na Airbus A320 jim kaɗan bayan tashinsa daga New York, Kyaftin Chesley Sullenberger ya kwantar da shi a kogin Hudson, mutum 155 suka fita da rai. Masu bincike suka kai lamarin na'urar Airbus a Toulouse don a ga ko da zai iya kai shi fili. A gwaji 15, takwas sun sauka lafiya, amma matuƙan sun san abin da zai faru, suna juyawa nan take. Da aka ce a jira daƙiƙa 35, gwargwadon abin da mutum ke buƙata ya gane me ya same shi, jirgin bai kai ba. In na'urar miliyoyi sai an tilasta mata kafin ta lissafa firgici, ina ga wanda shi da kansa ya shiga jerin zaɓi ya danna cewa injin hagu ya mutu bayan minti biyu?

Akwai kuma asarar da ba a gani sai an je makarantar gaske, wato miyagun ɗabi'u da sai an biya kuɗin awoyi kafin a kankare su. Malaman tuƙi sun daɗe suna kuka da ɗaliban da suka taso a kan kwamfuta: idonsu a kan agoguna, ba sa kallon waje, alhali a matakin farko da sararin sama ake daidaita jirgi, da ido kuma ake neman wasu jirage. Sitiyarin gida sifirin ne ke mayar da shi tsakiya, nauyinsa ɗaya ko jirgi na gudu ko yana jan ciki, don haka hannu bai koyi komai ba. Mafi ban dariya shi ne gasar sauka a hankali. 'Yan harkar na da manhajar da ke auna yadda taya ta taɓa ƙasa, ana alfahari da wanda ya sauka ba a ji ba. Don a samu haka sai a riƙe jirgi yana shawagi a kan titi, muryar na'ura ta ƙirga ƙafa talatin, ashirin, goma, ta yi shiru, shi bai taɓa ba. Boeing 737 na sauka da gudun kusan kilomita 260 a awa, wato mita 70 da ɗoriya a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa biyar na neman yabo sun cinye mita 350 na titin da za a taka birki a kai. Littafin horo na Boeing cewa yake kada a bar jirgi ya yi ta shawagi, a dire shi a inda aka ware, in titi a jiƙe yake ma a dire shi da ɗan ƙarfi. Abin da ake tafa wa mutum a intanet shi ake faɗar da shi a kai a jarrabawa.

Kada a manta jirgin fasinja mutum biyu aka ƙera wa. Ɗaya na tuƙi, ɗaya na sa ido yana karanta jerin dubawa yana magana da hasumiya, kuma an horar da ƙarami ya buɗe baki ya ce wa babba ya yi kuskure. Tun bayan karon jirage biyu a Tenerife a 1977, inda mutum 583 suka mutu, wannan ya zama darasi mai zaman kansa. Mai tuƙi shi kaɗai a ɗaki shi ne ɗalibi, shi ne malami, shi ne mai jarrabawa, in abu ya ɓaci kuma ya danna a sake daga farko.

Abin da yake girba da yawa shi ne yarda da kai. A farkon 2023 kamfanin YouGov ya tambayi Amurkawa ko za su iya saukar da jirgin fasinja in hasumiya na gaya musu abin yi. Kusan ɗaya cikin uku suka ce za su iya, a cikin maza kuwa kusan rabi. Waɗannan yawancinsu ko manhajar ba su taɓa taɓawa ba, balle wanda ya sauka a filin jirgin Heathrow sau ɗari a allo. Masu kare abin kan kawo labarin ma'aikacin ƙasa na kamfanin Horizon Air da ya sace jirgin Q400 a Seattle a Agustan 2018, ba shi da lasisi, ya yi sama da awa guda yana shawagi har da juyi a sama, ya kuma shaida wa hasumiya cewa ya ɗan buga wasannin bidiyo. Haka aka yi. Sai dai bai sauke jirgin ba, a wani tsibiri ya faɗi ya mutu, kuma ban ga abin kafa hujja da shi a nan ba.

Ba na cewa shafin riba fanko ne. Akwatin koyon tuƙin jirgi da Edwin Link ya ƙera a 1929 da mafitan kayan kiɗa na masana'antar mahaifinsa ya horar da matuƙa sama da rabin miliyan a Yaƙin Duniya na Biyu. Sojojin ruwan Amurka sun taɓa raba wa ɗalibansu manhajar Microsoft bayan sun ga tana taimakawa. Wanda ya shiga VATSIM, inda 'yan sa-kai ke zama a matsayin hasumiya tun 2001 kuma ba a biyan ko sisi, zai saba da Turancin rediyo mai sauri, wanda ICAO ke neman kowane matuƙin ƙasa da ƙasa ya kai mataki na huɗu a cikinsa. Zai iya karanta taswirar sauka, zai san inda kowane madanni yake. Amma a lura, Link da sojojin ruwa duka akwai malami a tsaye da jirgin gaske yana jira washegari. Na'urar maimaita darasi take yi, ba ita ke bayar da shi ba. A matsayin abin sha'awa kuwa ba ni da ta cewa, ya fi abubuwa da yawa da ake kashe wa kuɗi da dare, muddin mai yi ya rubuta kuɗin a shafin nishaɗi.

Shafin sana'a lissafinsa ya fi haka ɗaci. A wa'adin mulkin Kwankwaso na biyu gwamnatin Kano ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Sun tashi jiragen gaske, sun dawo da lasisin gaske, amma da yawansu sun daɗe ba su sami kujera a kamfani ba. Lasisin kasuwanci bai isa a ba ka Boeing ba, sai ka ƙara da takardar ƙwarewa a kan wannan samfurin jirgi takamaimai, wadda kan ci sama da dala dubu goma, sannan kamfani ya tambaye ka awa nawa ka tara. Wanda ya samu shiga ma duk wata shida sai ya koma na'ura an jarraba shi. Kafin duk wannan akwai gwajin lafiya na aji ɗaya a wurin likitan da hukumar jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta amince da shi: gani, bambance launuka, ji, bugun zuciya, hawan jini. Wanda bai tsallake shi ba babu makarantar da za ta kai shi gaban jirgin fasinja. Kuɗinsa bai kai na katin hoton kwamfuta mai kyau ba, kuma ban cika ganinsa a jerin sayayyar masu shirin zama matuƙa daga ɗakin kwana ba.